Tagar Benen Taubashi

SHAFI NA 14

Masu turo mini saƙo cewa Zubairu mugu ne, ku dakata. Da mugu ne, da labarin nan bai hana ni sukuni ba.

Ruwan asuba ya ɗauke, amma jar ƙasar da katafila ta tono tana nan tana kama takalmi. Zubairu ya ɗaura agogonsa, ya gyara hula, ya tsaya a tsakar gida yana duban keken ɗinkinsa da ke lulluɓe da tsohon zane a ƙarƙashin rumfar zana.

Matarsa Nusaiba tana bakin ƙofar ɗaki, daga ciki. Tun da benen maƙwabci ya tashi, Zubairu ya hana ta tsayawa a fili da rana. Girki a ƙarƙashin rumfa, wanki a ƙarƙashin rumfa, shanya kuma sai magariba.

Ya ce mata yau mutanen alƙali za su zo ganin ido, kada ta fito. Ta ce to. Ya ga turmi a kife jikin katangar kudu, ya tambayi me ya kai shi can. Ta ce don kada ruwa ya taru a ciki. Sai ya fita.

Ƙofar gidan yanzu langa-langa ce. A da zaure ne babba mai dakali biyu, inda mahaifinsa ya karantar, inda shi kuma ya kafa kekensa yana yi wa mutanen Kasuwar Daji da na ƙauyuka ɗinkin salla. Da aka zo faɗaɗa hanyar da ta nufi Shinkafi, sai aka shafa wa zauren jan fenti. Katafila ta cinye shi, ta haɗa da ɗakin Gwaggo Yalwa da durumin da dattawan unguwa ke zama. Abin da ya rage rabin dakali ne, yana tsaye bakin kwalbati kamar haƙorin tsoho.

Keke ya koma cikin gida. Namiji baligi kuwa ba ya shiga gidan matar aure a auna shi. Haka masu ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba.

A gefen kudu ga benen Zakariyya. Fari fat, shi kaɗai a unguwar.

Zakariyya ɗan Gwaggo Yalwa ne, taubashin Zubairu. Daga Badarawa aka kawo shi Ƙaura yana yaro, suka tashi kwano ɗaya, tabarma ɗaya. Da aka ba Zamfara jiha, shi ya fara jan yashi daga gulbin Gagare a tipar haya, ya koma buga bulo a Gusau lokacin da kowace ma'aikata ke neman ofis. Da magadan gidan kudu suka ga hanya ta raba musu gida biyu, suka sayar suka koma sabuwar unguwa bayan tashar jirgi. Shi ya saya.

Ranar da aka zuba kankaren sama, Zakariyya ya tsaya can bisa, hannu a ƙugu, ya ƙwala wa Zubairu kira a gaban leburori da 'yan kallo.

"Ubangida, yau dai bawa ya hau kanka. Daga nan zan riƙa ganin miyar da matata ka yi maka. In babu nama, ƙara zan kai."

Kowa ya yi dariya. Ɗan mace ne yake tsokanar ɗan namiji, har da kiran matarsa tasa, abin da aka gada kaka da kakanni. Zubairu ma ya yi dariya a wurin. Da ya shiga gida ne ya kasa cin tuwo.

Wannan maganar ce ya ɗauka ya kai gaban alƙali, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowa ke auna tsawon mayafin matar wani. Alƙali ya tambaye shi ko ba taubasai ba ne su. Ya ce taubasai ne, amma taga ba ta san wasa ba.

Yau ga shi an zo a duba tagar.

Mutane sun riga shi taruwa. Dattawan da aka sare musu durumi yanzu a kan tarin bulo suke zama, sun jeru suna jira. Mai unguwa Nasidi yana tsaye da sandarsa, kusa da shi Malam Shehu, muhutin alƙali, wato mataimakinsa, siririn tsoho mai gafaka rataye a kafaɗa.

Zakariyya ya fito daga cikin benen, ya rusuna.

"Ina kwana, ubangidana."

Zubairu ya gaida Malam Shehu, ya gaida mai unguwa. Ya wuce taubashinsa kamar an ajiye buhu.

Nasidi ya yi gyaran murya ya ce shi tun da ya gaji sandar nan bai taɓa ganin ubangida ya kai bawansa ƙara kan miya ba, amma zamani ya zo da hanya mai kwalta, ba mamaki ya zo da wannan ma. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Shehu bai yi ba.

Ya yi bayani a taƙaice, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce Zubairu ya nemi a sauke saman benen gaba ɗaya, alƙali ya ce wannan ba ya cikin hukunci. Sama ta Allah ce, mai fili yana da ikon hawa. Abin da Shari'a ta hana shi ne leƙe. A ɓangaren gidan Zubairu taga ɗaya ce, ƙarama, can sama da kan mutum. Malaman mazhaba sun bar ma'auni kan irin wannan: a sa gado a ƙarƙashin tagar, mutum ya hau ya tsaya. In ya ga tsakar gidan maƙwabci har ya shaida fuska, a toshe taga, mai bene ya ɗauki laifin cutarwa. In bai gani ba, ƙara ta faɗi.

Bai faɗi sauran ba, amma kowa a wurin ya sani. In ƙara ta faɗi, Zubairu ya zama mutumin da ya jefa sunan matarsa a bakin gari a kan banza.

Sai Malam Shehu ya tambayi wa zai hau.

Nasidi ya ce shi zai hau, tunda idonsa ko raƙumi ba ya shaidawa sai ya yi kuka. Zubairu ya ce bai yarda ba. Malam Shehu ya ce to shi da kansa, tsoho ne, ya yi jika da Nusaiba. Zubairu ya sunkuyar da kai ya ce a gafarce shi, amma Malam ba muharraminta ba ne.

"To ka ɗaure mu," in ji Malam Shehu. "Kai kaɗai ka rage. Za ka hau, za ka yi rantsuwa, abin da kac ce shi zan kai ma alƙali. Amma in bakinka ya kasa, ni zan hau, kuma ba zan nemi izninka ba."

Zubairu ya ce ya yarda.

Suka shiga su huɗu. Falon ƙasa yana warin siminti da sabon fenti. A gindin matakala Gwaggo Yalwa ce zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu. Tun da aka rushe ɗakinta ta dawo wurin ɗanta, amma ba ta taɓa hawa sama ba. Ta ce gwiwarta ba ta san bene ba, kuma ba za ta koya da tsufa ba.

Zubairu ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Mai sunan Malam, tsaya nan."

Sunan mahaifinta gare shi, ba ta taɓa kiransa Zubairu ba.

Zakariyya ya matso da sauri ya ce Inna ta bari a gama abin da ya kawo mutane. Ta ce masa ya rufe mata baki, shirunsa ne ya kai su nan. Ta ce ita ta goya su duka biyu, ɗaya yana baya ɗaya yana kuka a ƙasa, ba ta taɓa sanin ranar da za ta ga gafakar kotu a tsakaninsu ba. Sannan ta nuna wata ƙofa ta hagu da carbinta.

"Ɗakin ga na bakin hanya, mai ƙofa biyu. Na wa ne?"

Zubairu ya ce ya ji ana cewa wani mai kemis daga Gusau zai kama.

"Naka ne."

"Gwaggo, ni ban roƙi kowa ba."

"Awo. Kai ba ka roƙo. Wadda ka jin kekenka shiru tun safe har magariba, ita tar roƙa."

Nasidi ya juya yana duban silin. Malam Shehu ya gyara gafakarsa.

Zubairu ya ɗago a hankali. Ya tambayi yaushe. Gwaggo ta ce tun ana haƙa harsashi, ranar da Nusaiba ta nemi izninsa zuwa barkar haihuwa a unguwar tasha. Ta je barkar, ba ƙarya ta yi masa ba. A hanyar dawowa ta biyo gidan hayar da Gwaggo da ɗanta ke zaune lokacin.

"Shina nan?"

Bai dubi Zakariyya ba da ya yi tambayar.

"Yaya," in ji Zakariyya, kuma yau ne karon farko da ya ajiye kalmar ubangida, "ta bayan labule tay yi magana. Da Inna take. Ni ina ƙofa."

"Amma ka ji."

"Na ji."

"Mi tac ce?"

Zakariyya ya dubi uwarsa. Ta kau da kai, ta bar shi da kayansa.

"Ta ce hannunka ya fi na kowane tela a Ƙaura, wuri kaɗai ka rasa. Ta ce ba ka iya roƙo, kuma kada a gaya maka ita taz zo. A bari sai an gama, in kawo maka makulli cikin wasa, yadda za ka iya karɓa."

"Sai mi?"

"Shi ke nan."

"Sai mi, Zakariyya?"

"Ta ce in da hali a fitar da ƙofar baya kusa da katangarku. Don ta riƙa miƙo maka abinci da zafinsa."

A nan ne mutum mai lafiyayyar zuciya zai ji kunya ta rufe shi, ya kama hannun ɗan'uwansa, a watse. Na san haka kuke so. Amma zuciya ba ta cin abin da aka zuba mata, abin da ta ga dama take tsinta.

Zubairu bai ji shago ba. Bai ji abinci da zafinsa ba. Abin da ya ji shi ne, matarsa ta sassauta murya a inda Zakariyya ke saurare. Ta faɗi rauninsa a kunnen mutumin da ya fi ƙin ya sani. Kuma ta ce a fitar da ƙofa nan, aka fitar. Maganarta tana cikin bulo da simintin gidan wani. A gidansa kuwa ko ƙusa ba ta taɓa cewa ga inda za a kafa ba, don bai taɓa tambayarta ba.

Sai Zurmi, garin su Nusaiba, ta dawo masa. Lokacin da yake neman aurenta, Zakariyya ne ɗan rakiya. Su hau motar kasuwa tare, su zauna a zauren mahaifinta, shi Zubairu bakinsa ya yi nauyi, Zakariyya ya yi ta zuba. Ita kuma tana dariya a cikin mayafi har kafaɗunta na rawa. Shi ta aura, ba wanda ya tilasta ta. Amma bai taɓa tambayar kansa dariyar ta wa ce ba, sai da bene ya tashi.

Malamai sun raba kishi da hassada. Kishi tsare naka ne, hassada son na wani ya zube. Zubairu ya je kotu da hassada, ya sa mata rigar kishi don ta shiga gaban alƙali da mutunci. Yanzu ga mai rigar ya iso da kansa, a gindin matakala, yana neman kayansa.

Ya miƙe.

"Malam, mu hau."

Gwaggo ta ce da bayansa, ba da ƙarfi ba, in ya toshe tagar nan ya sani ba iska kaɗai ya toshe ba. Bai waiwayo ba.

Bai taɓa hawa bene ba sai na asibiti. Ya riƙe bango yana hawa, Nasidi na nishi a bayansa yana cewa wanda ya ƙirƙiro matakala ba ya son tsofaffi. Ɗakin saman babu komai sai gadon katako da aka riga aka ja zuwa jikin bangon arewa, an ɗauke katifa. Tagar tana can sama, ba ta fi faifai biyu ba, da sandunan ƙarfe.

Zakariyya ya ce don iska ya sa magini ya bar ta, kuma shi ya ce a ɗaga ta sama da kai. Ya ce wallahi bai taɓa taka komai ya leƙa ba. Malam Shehu ya ce ba a tambaye shi ba tukuna.

Ya tambayi Zubairu ko yana da alwala. Ya ce yana da ita. Ya tambaye shi ko akwai mutum a tsakar gidan. Ya ce iyalinsa tana ɗaki, ya hana ta fitowa. Malam Shehu ya ce to ya duba wuraren da mace ke tsayawa, murhu, randa, bakin ƙofa. Ya zare Alƙur'ani daga gafaka, Zubairu ya ɗora hannu, ya rantse da Allah wanda babu abin bautawa sai Shi cewa abin da idonsa ya gani zai faɗa, ba ragi ba ƙari.

Ya cire takalmi. Ya hau gadon. Katakon ya yi ƙara.

Garin ya fara gani.

Bai san Ƙaura ta yi wannan faɗin ba. Ga layin dogo ya miƙe ya ɓace, ga sababbin kwanukan rufi bayan tasha suna walƙiya, ga gero kore shar har bakin gulbi. Ga sabuwar hanya ta tsaga unguwarsu ja wur. Gefenta ɗakunan da aka yanke rabi suna tsaye a buɗe, ana ganin shuɗin fentin cikinsu da gurbin da jeren kwanonin wata ya bari a bango. Ya shaida ɗakin da aka yi masa kaciya. Akuya ce kwance a ciki.

Sannan ya sauke ido yana neman gidansa.

Da ƙyar ya gane shi. Ɗan ƙarami, ja, a tsugune. Gidan da yake ganin duniya duka na leƙensa.

Ya nemi murhu. Darbejiyar da mahaifinsa ya dasa ta rufe shi ruf.

Ya nemi randa. Rufin ɗakinsa ya tare.

Ya nemi bakin ƙofar Nusaiba. Ya yi ɗage, ya manna goshi da ƙarfe, ya karkata hagu, ya karkata dama. Ganye, rufi, kan katanga. Ko kaza ba a gani.

Duk watannin nan da ya tsare ta a ƙarƙashin rumfa, tana girki hayaƙi na cika mata ido, ba wanda ke kallonta. Ba wanda ma zai iya.

Ya fara shirya yadda zai faɗi maganar, yadda zai sauka matakalar nan ya ratsa dattawan da ke kan bulo.

Sai wani abu ya motsa a kan katangar kudu.

Yatsu huɗu, da lalle. Sannan wasu huɗun. Sannan ɗankwali ruwan goro, wanda shi da kansa ya yi wa kalmasa.

Nusaiba ta ɗago kai sama da katanga.

Katangar ta fi ta tsawo nesa. Ba sai an gaya masa abin da ta taka ba. Turmin da ya gani a kife. Don kada ruwa ya taru a ciki.

Ba tagar take kallo ba. Ƙasa take duba, cikin ɗan lungun da ya raba katangarsu da benen, inda ba mai gani daga hanya. Ƙofar bayan shagon tana buɗe. Daga inda take za ta ga daɓen siminti, da wayar lantarki da aka ja, da hasken da ke shigowa ta ƙofar gaba. Ta daɗe tana kallo. Yadda ta ɗora hannu, yadda ta san inda za ta sa haɓa, ya nuna masa ba yau ta fara ba.

Fuskarta a sake take. Rabon da ya ga wannan fuskar tun kafin jan fenti.

Shagon take kallo, wurin da ta roƙar masa? Ko gidan take kallo, gidan da mai dariya ya gina? Daga sama duka biyun wuri ɗaya ne. Ido ba zai raba masa su ba.

"Zubairu," in ji Malam Shehu daga ƙasa. "Mi kag gani?"

Ya fara lissafi a ransa.

In ya ce ya ga fuska, bai yi ƙarya ba. Ga ta nan, har tsagar goshinta yana gani. Za a toshe taga, Zakariyya ya sha kunya, shi ya sauka da nasara. Amma alƙali zai tambayi a ina ta tsaya, kuma mutumin da ya dafa Alƙur'ani ba ya da wurin ɓuya. Kafin la'asar Ƙaura duka ta ji cewa ba bene ke leƙen matar Zubairu ba, matar Zubairu ke hawa turmi tana leƙen bene.

In ya ce bai ga kowa ba, ya rufa mata asiri, ya faɗi ƙara, ya kuma yi rantsuwar ƙarya da hannunsa bai gama hucewa daga kan Littafi ba.

Ya laluba ya samo wata 'yar siririyar hanya a tsakani.

"Malam, ba a ganin tsakar gida. Ba murhu, ba randa, ba ƙofa."

Ya ji Zakariyya ya sauke numfashi. Nasidi ya ce alhamdu lillahi, a sauko a sha fura, bawa ya biya kuɗin nono.

"Tsaya, mai unguwa," in ji Malam Shehu.

Tsohon ya ɗaga kai yana duban bayan wuyan Zubairu, inda gumi ke gangarowa cikin riga duk da sanyin ruwan safe. Ya daɗe yana zaman kotu. Ya san yadda mutum ke tsayawa in ya gama magana, ya san yadda yake tsayawa in ya rage saura.

"Na ji na tsakar gida. Alƙali fuska zai tambaye ni. Daga inda kake tsaye, ana ganin fuskar mutum ko ba a gani?"

Muryar ta fita ta tagar. Nusaiba ta ɗago.

Idonta ya faɗa cikin nasa.

Zubairu ya zura yatsu ta tsakanin ƙarfe, ya yi mata alama ƙasa-ƙasa, yadda na bayansa ba za su lura ba. Sauka. Ya sake yi. Sauka.

Ta dube shi. Ta dubi yatsun. Ba ta firgita ba, ba ta ja ɗankwali ta rufe fuska ba. Kallon da ta yi masa irin na wadda aka tsare a rumfa damina guda ne saboda idon da babu shi, yau kuma ta ga idon, ta ga na wane ne.

Ta gyara tsayuwa a kan turmin. Ta ɗora gwiwar hannu biyu a kan katanga.

"Zubairu."

Malam Shehu ne ya sake kiransa.

"Yaya, lafiya?" in ji Zakariyya. "Ko jiri ne? Sauko in riƙe ka."

"Kada ka matso."

Muryar ta fito da kaushin da ya sa Nasidi ja da baya.

Malam Shehu ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka, ya miƙa wa mai unguwa. Ya zare takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa.

"Mun yi da kai a ƙasa," ya ce. "Matsa mini."

Katakon gadon ya yi ƙara a karo na biyu. Ƙafar tsohon ɗaya ta hau.

Nusaiba ba ta sauka ba.